Mai Igiya a Bayan Mai Rawani

Nafisa, Abdu, na san abin da kuka jiyo sa'ad da kuka je gida ta'aziyyar kawunku Isufu. Ba ku faɗa mini ba, amma tun a filin jirgi na gani, kuna ta rige-rigen ɗaukar jaka don kada ku haɗa ido da ni. An ce muku uwarku ta sayar da gidan ubanta, ta kunyata yayanta a bainar jama'a don ta faranta wa wani maƙwabcinta na Lyon. To, ku zauna ku karanta. Ban rubuta wannan don in wanke kaina ba, ni ba kwano ba ce. Na rubuta ne don in ƙasa ta rufe idona, kada ku riƙa sunkuyar da kai duk sa'ad da aka ambaci sunana a Marke Biyu.

Sai na fara muku daga Nomau, kakan babanmu, domin duk rigimar a kansa take. Shi ya taso daga kudu a shekarar wata yunwa, da matarsa da jaki da gatari, ya sami wasu itatuwan marke guda biyu a tsakiyar daji, ya sare wurin ya zauna. Shi ya haƙa rijiyar da garin ke sha har gobe, kuma a cikin haƙar ne dutse ya faɗo masa a hannun hagu ya cinye masa yatsu biyu, shi ya sa ake masa kirari da Nomau mai yatsa uku. Ruwa ya fito, mutane suka biyo ruwa, wuri ya zama gari. Ana nan sai labarin Nasara ya iso, aka ce duk garin da suka shiga sai su tambayi mai gari, in an nuna shi su tasa ƙeyarsa. A lokacin akwai wani baƙo a gidan Nomau, Arzika, mai fataucin kanwa da ciwo ya kwantar, ayari ya tafi ya bar shi. Dattawa suka yi shawara, suka sa wa Arzika babbar rigar Nomau da rawaninsa, shi kuwa Nomau ya ɗaura warki ya koma bakin rijiya kamar bara. A tunaninsu Nasara fara ce, za ta ci ta wuce. Ba ta wuce ba. Sarauta ta maƙale a gidan Arzika, mu aka bar mu da yasar rijiya da fara shuka in damina ta faɗi. Haka muka tashi muna jin labarin, da dariya muke ba shi, wai kakanmu ya yi wa Nasara wayo.

Shekarar da nake ba ku labari, na riga na ajiye aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a jami'ar Villeurbanne, babanku ya rasu, ku kuma kowa ya kama gabansa. Mai garinmu ya rasu bai bar babban ɗa ba. Farfe, wato babban jami'in gwamnati na yankinmu, ya sanar cewa duk gidan da ya kawo shaidar kakansa ya taɓa riƙe garin, yana iya tsayar da mutum. Sai ga wayar Yaya Isufu. Ku ba ku san abin da mutumin nan yake a wurina ba. Shi ya tsaya gaban babanmu ya ce sai na ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, har aka mare shi a kaina. Shi yake ɗauko ni a bayan keke ya kai ni bakin hanya in shiga mota, ya tsaya cikin rana har motar ta ɓace. Tun da na zo Faransa bai taɓa roƙona ko da allura ba.

"Auta," ya ce, bayan mun gaisa a gurguje, "zan tsaya."

"Tsaya wa mi, Yaya?"

"Rigar kakanmu zan karɓo. Aro aka ba su, aro kuwa ba ya zama gado. Nasaran da suka rubuta abin nan ai gidansu kike zaune. Ki je ki tono mini takarda."

Na ce masa to, amma na hango matsala. Wanda gidan Arzika suka tsayar shi ne Lawali, ƙanen Malam Hamidu na Vénissieux. Kun san Malam Hamidu, shi ya raɗa wa Abdu suna. Shi ya wanke gawar babanku da hannunsa, ya bi ofis-ofis da ni har aka ba mu wurin binnewa a maƙabartar Musulmi. Shekara da shekaru muna zaune a ƙasar mutane, ba mu taɓa tuna wane ne jikan mai riga wane ne jikan mai aro ba, sai dai in ana ba'a wajen cin tuwo.

Na fara nema a nan Lyon, a wani gidan limaman coci da ke da tsofaffin takardun tafiye-tafiyensu. Ban samu komai ba sai atishawa. Daga nan na koma Paris, wani tsohon gidan soja a gefen birni inda ake adana takardun zamanin mulkin mallaka. Jirgin ƙasa na safe nake bi, in sauka in shiga metro, in kwana gidan wata ƙawata 'yar Damagaram in abin ya ja. Wurin nan ba a shiga da jaka, ba a shiga da biro, fensir kawai, kuma ba ka tari sai an ɗago kai an dube ka. Na yi ta neman sunan Nomau har idona ya fara ruwa. Wauta ce, wallahi. Ina ruwan sojan Nasara da sunan kakan wani? Ruwan dokinsa ne ya dame shi. Da na gane haka sai na bar neman mutane na koma neman rijiyoyi. Kowane hafsa da ya yi rangadi sai ya rubuta inda ya sami ruwa, da zurfinsa, da ko yana da ɗaci. Na bi su rijiya bayan rijiya kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya, har na iso kan wata da aka rubuta tana tsakanin itatuwa biyu, ruwanta mai daɗi, ba ta ƙafewa da rani.

A cikin dosiyen, wato kundin takardun hafsan, akwai hoto, an manna shi a kan kwali. Ma'aikaciyar wurin ta miƙo mini safar hannu kafin in taɓa. Ga rijiyarmu, da gungumen da ke bakinta wanda igiya ta ci. Ga wani siririn mutum a gaba cikin rigar da ta fi ƙarfinsa, hannuwanta sun rufe masa yatsu. An shimfiɗa buzu, amma bai hau ba, a gefensa ya zauna a kan ƙasa, ya tuɓe takalmi. Dattawan da ke tsugune kuwa babu mai kallonsa, dukansu sun ɗan karkata suna fuskantar wani mutum da ke tsaye can baya, da warki, riƙe da igiyar guga a hannun hagu. Na karɓi madubin ƙara girma na duƙa. Yatsu uku. Na matsa sama zuwa fuskarsa. Yaya Isufu ne tsaf, goshin, da yadda yake ɗan murtuke fuska in rana ta dake shi. Na yi kuka a ɗakin nan, hawaye kawai ba sauti, ina kare hoton da gwiwar hannu don kada ya jiƙe. Sannan na karanta rubutun da hafsan ya yi a ƙasa da Faransanci. Ya ce wannan Arzika ne, mai gari, wanda ya kafa garin, tare da barorinsa.

Na fito tsakar gidan na kira Yaya, iska tana kaɗa mini mayafi. Na faɗa masa duk abin da na gani, ban rage ba. 

"Rubutun a ƙasa yake?" ya ce.

"A ƙasa yake."

"To ai da sauƙi. Ki yanke shi. Ki turo mini hoton, mu ce mai rawanin shi ne Nomau. Wa ya san fuskarsa yau? Duk waɗanda suka gan shi suna ƙasa."

"Yaya, Nomau yana cikin hoton. Ga shi nan tsaye, kai ne ka ɗaura warki."

"Ke, Auta! Farfe zan kai wa mai warki in ce ga sarki? Rigar tamu ce ko ba tamu ba ce? Rawanin namu ne ko ba namu ba ne? Ƙarya ce suka fara rubutawa, mu gyara muke yi."

"Su sun kira shi bara don ba su san shi ba. Ni da na san shi in kira shi bara? Ba zan iya ba."

"Ni na kai ki lakwal," ya ce, a hankali, ya kashe.

Hanyar komowa Lyon ban ga ko itace ɗaya ta taga ba. Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba. Da Nomau da wayonsa da ya ƙare a kanmu? Da hafsan da ya mutu tun kafin a haifi babanmu? Ina jin haushin Yaya, ina kuma jin tausayinsa har cikin ƙashina, domin na san ya riga ya zagaya gida-gida ya ce ƙanwarsa ta Faransa tana tafe da takarda.

Maganar zuwana Paris kuwa ta riga ta zaga. Mu 'yan Nijar na Lyon, in ka yi tuntuɓe a Villeurbanne kafin ka miƙe an yi maka sannu daga Vénissieux. Ran wata Asabar da hantsi na hau tram na je gidan Malam Hamidu duba matarsa da aka yi wa aikin ido. Ya bari muka gama gaisuwa, ya zuba mini shayi, sannan ya zauna nesa da ni a kan darduma.

"Hajiya, an ce kina ta sintiri Paris."

"An faɗi gaskiya."

"An samu?"

Da na so, da na ce ban samu ba, ya kuwa yarda. Amma mutumin da ya wanke mini miji ba zan dubi idonsa in yi masa ƙarya ba. Na buɗe salula na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu biyu. Shi da kansa ya gani.

"Bai hau buzun ba," ya ce.

"Bai hau ba."

"Allah Sarki, tsoho." Ya cire tabarau ya goge ido. "Hajiya, ban taɓa musun cewa ku kuka haƙa rijiya ba. Amma ku labarin rabi kuke bayarwa. Kun san abin da ya biyo bayan rigar nan? Duk shekarar da gero bai cika ba, Arzika ake ɗaurewa a rana. In ana son mutanen aikin hanya, 'ya'yansa ake fara ɗauka, biyu ba su komo ba. Kakata ta ce har ya mutu ba ya kwanciya rigingine saboda bayansa. Ko sau ɗaya Nomau bai fito ya ce ku sake shi, ni ne mai gari ba. Ku kuka sha ruwa, mu muka sha bulala. Yanzu da bulala ta ƙare ne aka tuna aro ne?"

Na so in mayar masa, kun san bakina ba ya mutuwa. Amma a dosiyen nan, bayan hoton, na ga inda aka rubuta an tsare mai garin Marke Biyu, na karanta na wuce don ba shi na je nema ba. Kunya ta rufe ni, na kafa ido a kan kofin shayi.

"Ba zan gaya wa Lawali ba," ya ce. "A matsayin 'yar'uwa kika nuna mini. Abinki ne, ke da Allah."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na komo gida na yi ta kai da kawo tsakanin kicin da falo kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. A ƙarshe na tura wa Yaya hoton cikakke, da rubutunsa, na haɗa da saƙon murya. Na ce masa ya kai shi haka, ya nuna wa dattawa buzun da takalmin da yatsun, duk ɗan garinmu zai gane. In farfe bai gane ba, aƙalla gari ya ga fuskar wanda ya haƙa masa rijiya. Bai amsa ba. Na ɗauka yana tunani ne. Ashe ya kai hoton birni wajen masu wanke hoto, an datse rubutun, an faɗaɗa hoton, an sa a gilashi.

Ranar da abin ya fashe ina kicin ina yanka albasa, wajen azahar. Baƙuwar lamba ce daga gida. Na ɗauka, sai na ji hayaniyar taro, da kukan jaki can nesa, da wani yana cewa a yi shiru. Wata murya ta gaishe ni da Faransanci, sannan ta juya Hausa.

"Hajiya Rabi? Ni ne farfe. Muna Marke Biyu, gaban masu gida na gari duka, kowa yana jin ki. Malam Isufu ya kawo hoto, ya ce ke kika samo shi a Faransa. Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Shi ya ce mai rawanin kakanku ne Nomau. Gidan su Lawali sun ce Arzika ne, amma ba su da shaida. Ke kika ga asalinsa da idonki. Tsakaninki da Allah, wane ne Nomau a hoton nan?"

Na dafa bakin tebur. Daga nan na gane Malam Hamidu ya riƙe alkawarinsa, ko ƙanensa bai gaya wa ba, komai ya komo kaina ni kaɗai. Kalma ɗaya zan faɗa Yaya ya shiga takara, kuma da ya shiga da ya ci, don mutane suna son sa. Babu mai tona ni. Wa zai taso daga Marke Biyu ya je gefen Paris ya sa safar hannu? Na ji Yaya ya yi gyaran murya a kusa da wayar, irin wadda yake yi mini tun ina yarinya in na tsaya nawa wajen hawa keke. Na rufe ido, sai ga mutumin nan tsaye da igiyarsa, wanda aka taɓa ce masa ya koma baya ya yi shiru, yanzu kuma jikokinsa za su sake tura shi can, su ba baƙo sunansa.

"Hajiya, kina ji na?"

"Ina ji. Ku dubi bayan mai rawani. Akwai mai warki riƙe da igiya. Ku ƙirga yatsunsa na hagu, sannan ku dubi fuskarsa ku dubi ta Yayana. Shi ne Nomau, shi ya haƙa rijiyar nan. Mai rawani Arzika ne, rigar Nomau ce a jikinsa, shi kuma ya sha wuyarta."

Wurin ya ɓarke. Wasu salati, wasu "a miƙo mu gani," wata tsohuwa daga nesa ta rangaɗa guɗa, ban san ko ta wane gida ba ce. Farfe yana ta cewa a zauna. A cikin wannan hargitsi na ji muryar Yaya, a fili, ba ta ko rawa.

"Ranka ya daɗe, an kuskure lamba. Ni ba ni da ƙanwa a Faransa."

Aka kashe wayar. Na tsaya da wuƙa a hannu, man da na ɗora ya ƙone har ƙararrawar hayaƙi ta fara kuka, maƙwabciyata ta zo tana buga ƙofa.

An cire sunan Yaya daga takara, Lawali ya zama mai gari. Na ji an ce hoton ya zaga gari hannu-hannu, tsofaffi suna shafa fuskar mai igiya, kuma Lawali da kansa ya ce yasar rijiya da fara shuka suna nan a gidanmu har abada. Wannan bai sanyaya wa Yaya rai ba, domin shi abin da ya gani shi ne an kama shi da ƙarya a gaban 'ya'yansa da surukansa, kuma da bakin wadda ya goya. Ya daina zama a dandali. Malam Hamidu ya zo yi mini godiya, na ce masa ya riƙe abarsa, ba don shi na yi ba, kuma kada ya ƙara tayar mini da maganar. Ya kiyaye har yau.

Ku tambaye ni ko na yi nadama, in ce muku ban sani ba. Da za a sake kira na, amsar nan zan sake bayarwa, kuma zan sake yin kukan da na yi. Ina son yayana fiye da yadda nake son wani mutum da ban taɓa gani ba sai a kwali, amma na kasa buɗe baki in musanya shi.

Ban daina kiran gida ba. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai in kira matarsa, Yaya Hadiza. Da farko in ta ce masa ni ce, sai ya tashi ya fita. Daga baya da ƙafarsa ta ƙi, sai Yaya Hadiza ta riƙa ajiye wayar a gefen tabarmarsa ta tafi aikinta. In gaishe shi, in tambaye shi jiki da gona, in ba shi labarinku, in gaya masa sanyi ya shigo ko ya fita. Bai taɓa amsawa ba. Amma ina jin numfashinsa da ƙarar carbinsa, kuma bai taɓa cewa a ɗauke ba. Haka muka yi shekaru, ni da shi. Har Juma'ar da na kira, Yaya Hadiza ta ɗauka, na ce mata ta kai masa.

"Auta," ta ce, "yau babu wanda zan ajiye wa."